Iya Horarwa Daban, Iya Riƙon Mutane Daban

Akwai wani zalunci da ake yi a duniyar ƙwallon ƙafa wanda ya daɗe har an daina kallonsa a matsayin zalunci. A ɗauko mutumin da ya fi kowa iya koyar da wasa, a raba shi da filin atisaye, a zaunar da shi a kujerar manaja, a ce an ɗaukaka shi. Bayan wata shida ko shekara guda a kore shi. Masu sharhi su yi masa ca, a gidajen kallo a ce ashe dama can inuwar maigidansa yake sha. Su kuwa waɗanda suka ɗora shi a kujerar sai su kaɗe rigarsu, su tafi neman wani.

A ganinmu, wanda aka kora ba shi ne babban mai laifi ba. Laifin na masu ƙungiyoyi ne da hukumomin ƙwallo waɗanda suka ƙi yarda cewa horarwa sana'a ce mai zaman kanta, riƙon ƙungiya kuma wata sana'a ce daban. Masu sharhin da ke kaɗa musu ganga su ma suna da nasu kason.

Yadda muke magana ma yana ƙara ruɗar da al'amarin. A rediyo da gidan kallo kowa koci ne, daga mai ɗaukar ƙwallaye zuwa mai yanke hukunci. A Ingila kuwa tun da daɗewa aka raba ayyukan biyu. Mai horarwa shi ne wanda yake cikin fili da usur a wuya, yana tsara atisaye, yana gyara wa mai tsaron baya tsayuwa, yana maimaita bugun kusurwa har sai ya zauna a ƙafar 'yan wasa. Manaja shi ne mai zaɓen mutum 11 da za su fara wasa, mai cewa a sayi wane a sayar da wane, mai fuskantar 'yan jarida, mai zama da mai ƙungiya. Shi kuma ake kora idan abu ya lalace.

Wanda yake son ya ga tazarar da ke tsakanin ayyukan nan biyu, ya dubi Manchester United ta zamanin Alex Ferguson. Daga 1986 zuwa 2013 dattijon ya ci kofin Firimiya 13 da kofin Zakarun Turai biyu. A tsawon shekarun nan ya yi ta canza mataimaka, kuma kusan kowannensu gwani ne da aka sallama wa a fagen horarwa. Sai mu bi su mu ga yadda suka ƙare da suka fita neman na kansu.

Brian Kidd ya zama mataimakin Ferguson a 1991, bayan ya yi aiki da matasan ƙungiyar. Tare suka ci kofin Firimiya huɗu. A watan Disamban 1998 Blackburn Rovers, wadda ta lashe gasar a 1995 amma a lokacin tana can ƙasan teburi, ta kira shi ya zama manaja. Mai ƙungiyar, Jack Walker, ya buɗe masa bakin aljihu. A watan Mayun 1999 Blackburn ta faɗi daga gasar, kuma wasan da ya tabbatar da faɗuwar da United ɗin aka buga shi, aka tashi babu ci. A watan Nuwamba aka sallame shi. Daga baya Kidd ya koma aikin da ya iya. A Manchester City ya yi wa Mancini da Pellegrini da Guardiola aiki, ƙungiyar ta ci Firimiya sau biyar yana kan benci. Mutum ne mai hannu a kofin Firimiya tara, amma har yau idan aka ambaci sunansa wasu Blackburn kawai suke tunawa.

Steve McClaren ne ya gaje shi, yana gefen Ferguson lokacin da United ta haɗa kofuna uku a 1999. Shi ba za a ce bai taɓuka ba a kujerar manaja, domin ya ci wa Middlesbrough kofi a 2004, ya kuma lashe gasar Holan da Twente a 2010. Amma da aka ba shi tawagar Ingila a 2006, abin da ya kayar da shi bai da alaƙa da atisaye. Ya ajiye David Beckham don ya nuna sabon zamani ya zo, bai cika shekara ba ya dawo da shi. A wasan ƙarshe na neman gurbin gasar Turai ta 2008, wanda canjaras ma ya ishe su, ya sa matashi Scott Carson a raga. Ƙwallon farko ta suɓuce wa yaron, Kuroshiya ta ci 3-2 a Wembley, washegari aka kori McClaren. Duk waɗannan shawarwari ne a kan mutane, ba darasin fili ba.

Labarin Carlos Queiroz ya fi kowanne ban takaici. Wannan shi ne wanda ya ci wa Fotugal kofin duniya na matasa sau biyu, a 1989 da 1991, a hannunsa su Luís Figo da Rui Costa suka taso. Bayan shekara guda a gefen Ferguson, Real Madrid ta ɗauke shi a 2003. Shugaban ƙungiyar, Florentino Pérez, ya riga ya sallami Vicente del Bosque jim kaɗan bayan ya lashe La Liga. Aka sayo Beckham, aka sayar da Claude Makélélé wanda ke riƙe da tsakiyar fili, aka saki Fernando Hierro, aka ba da aron Fernando Morientes ga Monaco. Morientes ɗin ne ya zura musu ƙwallo gida da waje, Monaco ta fitar da su daga gasar Zakarun Turai. Zaragoza ta doke su a wasan ƙarshe na Copa del Rey, suka sha kashi a wasa biyar na ƙarshe a La Liga, suka ƙare a na huɗu. Aka kori Queiroz, ya koma Manchester a matsayin mataimaki, yana wurin United ta ɗauki kofin Zakarun Turai a 2008. Ilimin da ya tafi da shi Madrid shi ya dawo da shi, ba abin da ya ragu. Abin da bai samu ba a can shi ne ikon cewa a'a.

René Meulensteen, wanda ya yi suna wajen goge ƙwarewar 'yan wasa irin su Cristiano Ronaldo, bai cika wata uku a kujerar Fulham ba. Mike Phelan bai ƙarasa kaka guda a Hull City ba. Haka abin yake a wasu gidajen. Paul Clement ya bi Carlo Ancelotti daga Chelsea zuwa Paris zuwa Madrid, yana gefensa aka ci kofin Zakarun Turai na 2014, amma Derby da Swansea da Reading duk sun sallame shi. Pep Lijnders, na hannun daman Jürgen Klopp a Liverpool, bai wuce watan Disamban 2024 a Salzburg ba, ƙungiyar da ya karɓa a bazarar shekarar.

Idan mutum ɗaya ya faɗi, sai a ce rashin sa'a ne. Idan gwanaye da yawa suka faɗi a rami guda, ramin ya kamata a duba.

Abu na farko, mataimaki shawara yake bayarwa, manaja hukunci yake yankewa. Ƙungiya tana da manyan 'yan wasa kamar 25, mutum 11 ne ke fara wasa. Wato kowane mako akwai mutum 14 da aka ɓata wa rai, kowannensu yana da dillali, yana da iyali, yana da mabiya a intanet. Mataimaki zai iya cewa a ganinsa wane ya fi wane, ya tafi gida ya yi barcinsa. Manaja shi zai kalli idon mutumin da ya yi wa ƙungiya shekara goma yana bauta, ya ce masa lokacinsa ya ƙare. Ferguson ya rabu da Paul Ince a 1995, da Jaap Stam a 2001, da Beckham a 2003, da Roy Keane a 2005, da Ruud van Nistelrooy a 2006. Ba duka ne suka zama daidai ba, shi da kansa ya amince cewa sayar da Stam kuskure ne. Amma ya iya yanke hukunci, ya ɗauki nauyinsa, ya wuce gaba. Wannan hali ba a filin atisaye ake koyonsa ba.

Abu na biyu, kusancin da yake ƙarfin mai horarwa shi ne yake zama rauninsa idan ya hau kujera. A kowace ƙungiya mataimaki ne wurin kai kuka. Idan maigida ya yi faɗa, shi ke bi da lallashi. 'Yan wasa suna sakin jiki da shi saboda sun san ba shi ke ajiye su a benci ba. Ranar da aka naɗa shi, duk wannan zumunci ya zama bashi a kansa. In ya ci gaba da wasa da dariya, a raina shi. In ya tsuke fuska, a ce mulki ya canza shi. Ga shi babu wanda zai bi bayansa da lallashi irin wanda shi ya saba yi wa wani.

Abu na uku, lokaci. Wunin manaja yana tafiya ne a ganawa da 'yan jarida, da wayar dillalai, da rahoton likitoci, da zaman kwamiti, da sasanta rigima. Aikin da aka ɗauke shi saboda ya iya shi, shi ne wanda zai fi yi kaɗan. Da yawa daga cikinsu sai su ƙi sakin usur, su ce komai sai sun yi da hannunsu, su gaji, su kuma makance ga abin da ke faruwa a gefensu. Ferguson ya sha bayyana cewa tun yana Aberdeen mataimakinsa Archie Knox ya matsa masa ya bar masa atisaye, shi ya koma gefe yana kallo, kuma daga gefen ne ya fara ganin abin da da ba ya gani: wanda tafiyarsa ta canza, wanda hankalinsa ba ya wurin. Babban manajan da Ingila ta taɓa gani ya ƙara girma ne ranar da ya rage horarwa. Mutumin da duk martabarsa a horarwa take, da wuya ya iya wannan sadaukarwa.

Abu na huɗu, manaja yana da waɗanda ke samansa, kuma riƙonsu ya fi riƙon 'yan wasa wuya. Mai ƙungiya yana son ɗan wasan da zai sayar da riga, mai horarwa yana son wanda zai tare tsakiya. Wanda bai iya jan zare da masu kuɗi ba, sai a haɗa masa tawagar da ba tasa ba, a kuma tuhume shi da sakamakonta. Del Bosque da aka kora don a kawo Queiroz, ba a taɓa yi masa kirarin gwanin dabarun zamani ba. Abin da ya iya shi ne zaunar da manyan taurari a ɗaki ɗaya ba tare da wuta ta tashi ba. Da wannan ya ci kofin Zakarun Turai a 2000 da 2002, daga baya ya ci wa Sifaniya kofin duniya a 2010 da na Turai a 2012.

Abu na biyar, a fili sakamako yana zuwa nan take, a kujera kuwa yana jinkiri, ga shi gauraye da sa'a. Idan mai horarwa ya gyara wa ɗan wasa yadda yake karɓar ƙwallo, a mako guda zai ga canji. Ƙwallon ƙafa kuwa wasa ne da ake cin ƙwallo biyu ko uku a minti 90, saboda haka turke ɗaya ko kuskuren alƙali ɗaya ya isa ya juya sakamako. Mutum zai yi komai daidai ya sha kashi sau uku a jere. A nan ake buƙatar taurin zuciya da iya magana, a riƙe 'yan wasa da magoya baya da mai ƙungiya har hadari ya wuce.

Mun san abin da za a ce. Za a ce Bob Paisley fa? Mataimakin Bill Shankly ne, ya karɓi Liverpool a 1974, ya ci kofin Turai uku da na gida shida. José Mourinho da tafinta ya fara a gefen Bobby Robson. Hansi Flick ya yi shekara takwas a bayan Joachim Löw kafin ya haɗa kofuna uku da Bayern a 2020. Mikel Arteta daga bencin Guardiola ya taso. Duk gaskiya ne. Amma ai ba mu ce mai horarwa ba ya iya zama manaja ba. Cewa muka yi iya na farko ba hujja ba ce ta iya na biyu. Akwai mai haɗa su, kamar yadda akwai malamin da ya iya karatu ya kuma iya shari'a. Arteta ma ba zanen dabaru ne ya tabbatar da shi a Arsenal ba. Ranar da ya ajiye Mesut Özil, da ranar da ya karɓe kambun kyaftin daga hannun Aubameyang a Disamban 2021 ya kuma bar shi ya tafi, ranar aka san akwai shugaba a gidan. Paisley da Flick kuwa gida suka gada wanda ginshiƙansa ke tsaye.

Za a kuma ce ai waɗanda suka faɗi ƙungiyoyi marasa lafiya aka ba su. Wannan ma gaskiya ne, kuma ƙarin tuhuma ce a kan masu ƙungiyoyi. Blackburn da Fulham da Swansea duk suna cikin ruwa lokacin da suka kira waɗannan mutane. Ƙungiyar da ke nutsewa ita ta fi kowa buƙatar gogaggen mai riƙon mutane, sai a miƙa ta ga wanda bai saba yanke hukunci shi kaɗai ba. Mai ƙungiya ba mutumin yake saye ba, ƙanshin maigidansa yake saye. Yana zaton wanda ya zauna kusa da Ferguson ya kwaso sirrin Ferguson. Zama da maɗaukin kanwa yana kawo farin kai, amma ba ya mayar da mutum fatake.

A gida Najeriya ma ba a tsira ba. Samson Siasia ya kai matasa wasan ƙarshe na kofin duniya a 2005, ya ci azurfa a gasar Olamfik ta 2008. Aka yi ta kiraye-kiraye sai shi, aka ba shi Super Eagles a 2010. Riƙon yaran da ke neman suna daban, riƙon manyan da suka riga suka yi kuɗi a Turai daban. Ya samu saɓani da Vincent Enyeama ya ajiye shi, Gini ta riƙe Najeriya 2-2 a Abuja a Oktoban 2011, ƙasar ta rasa gurbin gasar Afirka ta 2012, aka kore shi. Sunday Oliseh, wanda kowa ya sallama wa a sharhin dabarun wasa, an naɗa shi a Yulin 2015, ya yi murabus a Fabrairun 2016, bayan rigima da Enyeama ɗin nan da kuma ƙorafin rashin biyan albashi. Finidi George ya lashe gasar Najeriya da Enyimba a 2023. An naɗa shi a Afrilun 2024, bayan canjaras da Afirka ta Kudu da shan kashi a hannun Benin hukumar ƙwallon ƙasa ta sanar cewa za ta kawo wani daga waje a samansa, a Yuni ya ajiye aiki. Wasa biyu ba sa auna ilimin kowa. Abin da aka auna shi ne ko za a bar shi ya zama shugaba, kuma ba a bari ba. A kwatanta da marigayi Stephen Keshi, wanda ya ajiye wasu manyan sunaye, ya ɗauki 'yan wasan gida, ya toshe kunnensa, ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya ci ƙwallon da ta ba Najeriya kofin Afirka a 2013.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan cuta da sunanta. A ɗauki wanda ya fi kowa iya rubuta manhaja a naɗa shi shugaban sashe, sai kamfani ya yi asara biyu: ya rasa gwanin ma'aikaci, ya samu shugaban da bai iya ba. Tun a 1969 Laurence Peter ya rubuta littafi a kan haka, inda ya nuna cewa idan ana ƙara wa mutum girma bisa aikin da yake yi yanzu, to za a yi ta ɗaga shi har sai ya kai matakin da ba zai iya ba, a nan kuma zai maƙale. Manyan kamfanonin fasaha sun nemi magani ta hanyar kafa tsani biyu. Injiniya zai iya hawa har ƙololuwa, albashinsa ya kai na manyan shugabanni, ba tare da an ɗora masa riƙon mutane ba. Ƙwallon ƙafa, da duk biliyoyin da ke yawo a cikinta, har yanzu kusan tsani ɗaya gare ta. Kuɗi da suna da girmamawa duk suna kujerar manaja. Mai horarwar da ya ce shi aikinsa ya ishe shi, sai a ce ba shi da zuciya. To don me ba zai yi tsalle ba, ko da ya san rijiya ce a gabansa?

Wasu ƙungiyoyin Turai sun rage nauyin ta hanyar ɗaukar daraktan wasanni mai kula da saye da sayarwa. Wannan ci gaba ne, amma bai kashe maganar ba. Har yanzu mutum ɗaya ne ke zaɓen 11, shi ke tsayawa gaban kyamara bayan an sha kashi, shi kuma ake kora. In darakta ya cika ɗaki da 'yan wasa sama da 30 kamar yadda aka yi wa Graham Potter a Chelsea a 2023, an mayar da gwanin horarwa mai rabon haƙuri.

Abin da muke nema ba mai wuya ba ne. A biya gwanin horarwa kuɗin da ya dace da gwanintarsa, a kuma girmama shi a inda yake, don kada ya riƙa ganin sai ya bar fili zai zama mutum. Wanda yake son kujera, a gwada shi a ƙaramar ƙungiya inda zai koyi yanke hukunci ba tare da duniya ta taru a kansa ba. Kafin a naɗa mutum a tambaye shi wa ya taɓa ajiyewa, wace rigima ya taɓa kashewa, yaushe ya taɓa ce wa na sama da shi a'a. Idan an naɗa shi a ba shi iko daidai da nauyin da aka ɗora masa, a kuma haɗa shi da dattijon da ya san hanya. Masu sharhi kuma su daina kiran mutum mara amfani don ya kasa aikin da ba nasa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Idan kuma naɗin ya lalace, kada a tsaya a kan wanda aka kora. A tambayi wanda ya sa hannu a takardar ɗaukarsa: me ka gani a tare da shi, ban da kujerar da yake zama kusa da ita?